Na nemi lissafi a taron mata, sun daina gaishe ni

Maman Biyu (Garwa): Salama 'yan'uwa. Abin ya ci ni ne na kawo nan. Mu 20 ne a zumuntar mata, kowa ta ba da jaka biyar na ankon Kirsimeti. Ma'aji ta ce atamfar CICAM, masaƙar Kamaru, za ta sayo, sai ga wata shara-shara wadda wankin farko ta zuba a bokiti. Ran Alhamis na miƙe a taro na ce ta karanto mana lissafi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta, sai hawaye. Lahadi uku ke nan, in na zauna a benci sai su matsa. Matar fasto ta ce ba ni da tawali'u. Ni kuwa a wurina shirun da suka yi munafunci ne. Afisawa 4:25 ba ta ce mu yar da ƙarya ba?

Baba Tela: 'Yata, janye kalmar munafunci. Mata 18 kika haɗa kika yi wa wannan suna. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ɗan Kwaya: Baba, da girmanka, ba za ta janye ba. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, gaban kowa, kuma munafunci ya kira abin, har Barnaba ya faɗa ciki. Galatiyawa 2 tana nan.

Malamar Lahadi (Marwa): Ƙanena, laifin Bitrus a fili ya yi shi, kuma bishara ya taɓa. Wannan zani ne. Matiyu 18:15-17 ta ce ka je ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Maman Biyu, kin taka gidanta tukuna?

Maman Biyu: Ban je ba. Kuɗin kowa ne ai, ba nawa ni kaɗai ba.

Baba Tela: Munafuki shi ne mai fuska biyu. Wadda ta yi shiru don kada ta tozarta gwauruwa fa? Maƙwabtanmu Fulani semteende suke cewa, mu mu ce kunya. Da ita muka tashi.

Ɗan Kwaya: Kunya ba ta cikin 'ya'yan Ruhu, Baba. A duba Galatiyawa 5:22-23.

Malamar Lahadi: Kirki da tawali'u suna ciki, sai ka tsallake su? Ku matasan Garwa baki ya yi muku yawa.

Ɗan Kwaya: Me ya kawo Garwa a nan, Mama? Taron matasa na bara, su wa suka ci abinci suka bar mana tukwane?

Direban Kusuri: Ku ne kuka kwana a ɗaki, yaran Marwa suka kwana a tabarma a waje. Ina wurin.

Ɗan Kwaya: Motarka ce ma ta iso da su ƙarfe sha ɗaya na dare.

Maman Biyu: Don Allah, jaka ɗari nake magana. Ba wanda ya tambayi nawa atamfar ta ci.

Baba Tela: Sai kin janye kalmar nan za mu ji ki.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, kuma ga abin da na gani: akasari sun yarda kalmar munafunci ta yi nauyi, hanyar Matiyu 18 kuma ba a bi ta ba. Ma'ajin nan na san ta tun muna yara, ita ta yi jinyar mahaifiyata wata biyu a asibiti, ba ta taɓa karɓar ko dala ba. 1 Timoti 5:2 ta ce a ɗauki tsofaffin mata kamar uwaye. Maman Biyu, ki je gidanta ran Asabar da Malamar Lahadi a waya, ki ba ta haƙuri. Maganar lissafi dattawa za su duba bayan Sabuwar Shekara. Na rufe zancen.