An dakatar da ƙungiyar ƙanena a jami'a a Amurka, wa ya taɓa ganin irin wannan?

Babban Yaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana aji biyu a wata jami'a a Amurka, ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin samarin nan masu suna da haruffan Girka, masu gidansu na kansu a gefen makaranta. Makon jiya an ɗirka wa wani sabon shiga giya har aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Hukumar jami'a ta dakatar da ƙungiyar, ta aika wa kowa takarda ya zo ya ba da ba'asi. Ya rantse mini daren yana laburare. Hajiya ba ta sani ba tukuna. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini abin da ke biyo baya.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Yaya. Ya faru da mu a ƙarshen 2017, shekarar da ɗalibai uku sababbin shiga suka mutu bayan shan giya a irin waɗannan ƙungiyoyi: Timothy Piazza a jami'ar Penn State, Max Gruver a ta Louisiana, da Andrew Coffey a ta Florida State. Jami'o'i suka tsorata. Tamu ta yi mana kuɗin goro, ta hana kowace ƙungiya taro, alhali gida ɗaya ne ya yi laifi. Har yau abin yana ci mini rai, don ko ɗigon giya ban taɓa sha ba, arhar ɗaki da abokai suka kai ni. Zaman ba'asin ba kotu ba ne. An bar ni na zo da mai ba ni shawara, amma ba a bari ya buɗe baki ba. Abin da za ku fi lura da shi biza ce: in aka dakatar da shi kansa daga karatu, zamansa a ƙasar ya shiga matsala. Ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun yanzu.

Maman 'Yan Biyu: Ɗan Fagge, na ji zafinka, amma ni na zauna a ɗaya ɓangaren teburin, shekara huɗu ina aiki a ofishin kula da ɗalibai. Yaro talatin za mu kira, talatin ɗin su ce suna laburare. Kafin su iso tsofaffin 'yan ƙungiyar sun ɗauki lauya, an bi an goge saƙonni. To wa za ka hukunta, wa za ka bari? Piazza ya faɗo daga bene, aka kwantar da shi kusan awa 12 ba wanda ya kira motar asibiti, kyamarorin gidan suna ɗauka. Ni na taɓa kiran wata uwa da ƙarfe uku na dare in ce ta taho asibiti. Muryarta ba ta bar kunnena ba. Tun Disamba 2024 ma akwai dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana rahoton irin wannan gallaza wa sababbin shiga.

Maƙwabci: Gidan wata ƙungiya irin wannan na kallon nawa. Da jami'a ta janye musu rajista, suna kawai suka cire daga bango, shagali ya ci gaba, kuma babu sauran ofishin da zan kai ƙara sai 'yan sanda. A 2022 wasu ƙungiyoyi a Jami'ar Kudancin California (USC) da kansu suka yanke alaƙa da jami'ar don gudun dokokinta.

Malam Na Zariya: Mu da muka yi karatu a gida, jin "ƙungiya" kawai gabanmu ke faɗuwa. Ƙungiyar Pyrates da su Wole Soyinka suka kafa a jami'ar Ibadan a 1952 ba da makami ta fara ba. Ina ɗalibi a Yuli 1999 labari ya zo 'yan ƙungiyar asiri sun kashe ɗalibai 5 a jami'ar Ife. Ta Amurka ba ta asiri ba ce, na sani, amma ka ce wa yaron ya fita.

Babban Yaya: Na gode muku. Maman 'Yan Biyu, maganarki ta sa na sake kiransa, na matsa masa. Laburaren gaskiya ne, amma yana cikin zauren WhatsApp ɗinsu, ya ga hoton yaron a kwance wajen sha ɗaya na dare, bai kira kowa ba. Kuka ya dinga yi. Na ce kada ya goge komai, ranar Talata ya faɗi abin da ya gani. Hajiya kuma ni zan gaya mata bayan isha'i.