Ɗiyata ta daina karin kumallo, ga jiri yana ɗibarta: ina neman shawara

Maman Rabi, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, daga Maraɗi nake rubuto muku. Ɗiyata ta biyu tana da shekara 15, tana aji uku na kwaleji, kuma tun da aka koma makaranta bayan damina ta daina cin komai da safe. Ko kunu na dama, ko tuwon jiya na ɗumama, sai ta kurɓi shayi a tsaye ta saɓa jakarta ta fice, wai ƙawayenta suna yi wa duk wadda ta zo da warin daddawa a hannu dariya. Mahaifinta yana ba ta dala arba'in (sefa 200) kullum, amma da na bi diddigi na tarar a alawa, biskit da ruwan zaƙi na leda kuɗin suke ƙarewa. Makon jiya jiri ya ɗebe ta a bakin murhu har sai da ta dafa bango, kuma da na ja fatar idonta ta ƙasa na gan ta fari fat. Ga wata sabuwar ɗabi'a ta tauna ƙanƙara dare da rana. Shin in hana ta kuɗin ne, ko akwai abin da ya fi haka?

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Maman Rabi, kafin maganar kuɗi ki kai ta gidan likita a auna jininta, domin jiri, farin ido da kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa alamu ne da muka saba gani ga masu ƙarancin jini. Ga mace mai shekarunta, idan awon ya nuna ƙasa da 12, an shiga ƙarancin jini. Ƴan mata sun fi samari faɗawa cikin wannan hali saboda abu biyu sun haɗu musu lokaci guda: jiki yana tsawo yana buɗewa, sannan ga jinin al'ada da ke fita kowane wata, wanda sinadarin ƙarfe, da jiki ke buƙata don yin jini, ke bi ya tafi. A duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma, tun da su ma suna cin jini.

Shayin nan kuwa ki sa masa ido. Ganyen shayi yana hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin hatsi, wake da ganyaye, don haka a raba shi da abinci da kamar awa ɗaya. Akasin haka, lemun tsami, gwaiba, tumatir ɗanye da garin ɗan kuka suna taimaka wa jiki ya karɓi ƙarfen. Hanta ko sau ɗaya a mako tana da amfani ƙwarai, idan kuma aljihu bai kai ba, ga fara, ga wake, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, waɗanda ake samu a kasuwannin Maraɗi. Kada dai ki sayi ƙwayoyin ƙarin jini a hannun masu talla a faranti. Likita ne zai faɗi adadi da tsawon lokacin sha.

Malam Sani, malamin kwaleji:

Hajiya, ni ban goyi bayan yanke kuɗin ba. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma tun kafin ƙarfe sha ɗaya nake gane wanda ya fito da ciki wayam: kai a kan tebur, hamma ba ƙaƙƙautawa, tambaya mai sauƙi ta gagare shi. Idan kin hana ta kuɗin, za ta wuni da yunwa ne kawai har bayan azahar, ba za ta koma ga tuwon ba. A ƙofar makarantarmu, kusa da mai alawa, akwai mai ƙosai, mai awara, mai ɗanwake da mai dafaffiyar gujiya, kuma dala arba'in ɗin nan tana isa a ci ɗaya daga cikinsu a ji nauyin ciki. Matsalar ita ce yara suna kallon abin da ke cikin leda mai ƙyalli a matsayin wayewa. Na taɓa kawo kwalbar lemu aji na auna musu sukarin da ke ciki da cokali, kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini. Da suka ga tulin a faranti, ajin ya yi tsit.

Hajiya Inna, Bagalam:

Ɗiyata, ku iyayen yanzu ku ma da laifinku. Mu a Tibiri muka tashi, da furar hatsi da nono muke karyawa, mu yi daka mu ɗebo ruwa ba mu san jiri ba. Yau kun mayar da taliyar leda da farar shinkafa abincin ƴan gata, kun bar fura ga baƙo daga ƙauye, to yaya yarinya za ta so abin da ta ga uwarta tana rainawa? Amma ban ce ki yi mata faɗa ba, domin budurwa mai waɗannan shekaru kunyar tsara ta fi yunwa ƙarfi a wurinta. Ki dama mata fura da nono mai kyau ki zuba a gora mai murfi, ba wari, ba ɓata hannu.

Maman Rabi, unguwar Zariya:

Na gode muku duka. Mun je an auna, jinin ya nuna 10, an rubuta mata magani na wata uku tare da na tsutsa. Inna, na gwada dabarar gorar. Kwana biyun farko ta dawo da ita cike, jiya kuwa ta ce in ƙara yawan furar domin ƙawarta ma tana sha. Shayin ne har yanzu muke ja-in-ja a kansa.