Korar Enyeama aka yi, ko shi ne ya tafi don kansa?

Mai Kishin Gola: Assalamu alaikum. Jiya a majalisarmu matasa suna lissafa gwanayen masu tsaron raga na Afirka, suka ambaci Onana da Mendy, amma babu wanda ya tuna da Vincent Enyeama, kuma wallahi abin ya sosa mini rai. Wannan mutum ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, ya tafi Isra'ila ya tsare wa Bnei Yehuda da Hapoel Tel Aviv raga, sannan ya koma Lille ta Faransa, inda a kakar 2013/2014 ya buga wasa 11 a jere, minti 1,062, ba a zura masa ƙwallo ko ɗaya ba. A ganina nahiyar nan ba ta taɓa yin golan da ya kai shi ba, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka kore shi daga Super Eagles a 2015 yana cikin jimamin rasuwar mahaifiyarsa.

Ɗan Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar kora, domin babu wanda ya kori Enyeama. Shi da kansa ya sanar da cewa ya daina buga wa ƙasa wasa a watan Oktoba na 2015, bayan saɓanin da ya samu da koci Sunday Oliseh a sansaninsu na Beljiyam. Wanda ya tattara kayansa ya yi sallama ba a cewa an kore shi.

Malama Mai Bibiyar Wasanni: Ɗan'uwa, ba sai an riƙo hannun mutum an fitar da shi ba ne ake kiran abin kora. Mutum ya makara zuwa sansani saboda ya tsaya binne uwar da ta haife shi, ya iso da zuciya a karye, sai ya tarar an karɓe kambun kyaftin daga hannunsa an bai wa wani. Kora da hali ke nan, kuma Bahaushe ya san ta fi kora da baki ciwo.

Ɗan Sabon Gari: Malama, wannan wanin da kika ƙi ambata Ahmed Musa ne, kuma na lura duk lokacin da aka tayar da zancen nan, a ƙarshe a kansa ake sauke laifi. Yaron bai roƙi kambu ba, ba shi aka yi. Ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, to me ya rage masa da ba zai jagoranci ƙungiya ba?

Malama Mai Bibiyar Wasanni: Ban zargi Ahmed Musa da komai ba, kada ka sa mini magana a baki. Amma tunda ka kawo Ajantina, ka tuna cewa a 2010 Enyeama ne ya hana Messi cin ƙwallo, har aka zaɓe shi gwarzon wasan duk da cewa an ci mu ɗaya da nema.

Tsohon Gola Daga Zariya: Jama'a, mu koma kan maganar farko. Cewa babu golan da ya kai shi a Afirka magana ce mai nauyi, domin Essam El-Hadary na Masar ya ɗauki kofin Afirka sau huɗu, Thomas N'Kono na Kamaru kuma sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan nahiyar, a 1979 da 1982, alhali Enyeama sau ɗaya ya ɗauki kofin, a 2013.

Bakaduna: Yallaɓai, a bar su El-Hadary tukuna, akwai abin da ake ta tsallakewa. A watan Yuni na 2015, da za a kara da Chadi a Kaduna, Enyeama ya fito ya nuna shakku a kan tsaron garinmu, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta nemi ya yi bayani. An buga wasan lami lafiya, muka ci biyu da nema. Wanda ya ji tsoron garinmu bai cancanci mu riƙa yi masa kuka ba, ko korarsa aka yi ko ba korarsa aka yi ba.

Mai Kishin Gola: Haba Malam, a shekarun nan bama-bamai suna tashi a garuruwanmu, mu kanmu da fargaba muke shiga kasuwa da tasha. Kyaftin ne, yana da iyali, kuma haƙƙinsa ne ya yi magana a madadin 'yan wasansa. Faɗar damuwa ba raini ba ne.

Bakaduna: Raini ne, kuma da a Uyo, babban birnin jiharsu ta Akwa Ibom, aka sa wasan ba za ka ji bakinsa ba.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai har yanzu ina jiran a janye kalmar kora. Wanda yake da takardar sallama da aka ba shi ya fito da ita mu gani.

Malama Mai Bibiyar Wasanni: Wulaƙanci ba ya zuwa da takarda. Mutumin da ya buga wa ƙasarsa wasa 101 tun daga 2002 ya cancanci a yi masa ta'aziyya kafin a yi masa maganar kambu.

Dattijon Majalisa: Dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna, Allah ya huci zuciyar kowa. Abin da ya fito fili shi ne ba a kori Enyeama ba, tunda babu wanda ya kawo shaidar hakan, kuma shi ya zaɓi tafiya. An kuma tabbatar da cewa ɗanmu Ahmed Musa ba shi da hannu a rigimar, ya kuma nuna cancantarsa daga baya da ƙwallaye biyun da ya ci Iceland a 2018, har ya zarce Enyeama a yawan wasannin da aka buga wa ƙasa. Maganar Kaduna ta tsaya yadda Bakaduna ya faɗa. Batun rasuwar mahaifiyarsa abin tausayi ne, amma koci yana da ikon naɗa wanda ya ga dama. Shi kuwa zancen cewa ya fi kowane gola a Afirka, mai shi bai sake komawa kansa ba, don haka na ɗauka ya janye.