Wasiƙar Pierre Fauchard Academy ta zo wa yayata

Ƙanwar Likita: Assalamu alaikum. Yayata likitar haƙori ce, shekara goma sha ɗaya tana aiki. Jiya aka aiko mata imel wai an gabatar da sunanta a Pierre Fauchard Academy, ta cike fom ta biya kuɗi da dala. Ni dai da na ji "dala" gabana ya faɗi. Ba 'yan damfara ba ne kuwa?

Tsohon Likita: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙungiyar gaskiya ce, ta karrama likitocin haƙori. Wani likitan haƙori na jihar Minnesota a Amurka, Elmer Best, ya kafa ta a 1936, ya sa mata sunan Pierre Fauchard, likitan haƙori Bafaranshe da ya wallafa littafinsa kan haƙori a 1728. Ba a neman shiga, sai wani mamba ya tsaya maka. Ta tambayi sunan wanda ya gabatar da ita, ta kira shi a waya.

Mai Kemis: Kuɗin ba sau ɗaya ba ne fa, kowace shekara ake biya. Kuma karramawa ce kawai, ba lasisin aiki ba.

Ƙanwar Likita: Baba, na gode. Ta kira, ashe malaminta na jami'a ne. Yanzu farashin dalar take lissafi.