Ɗalibinmu ya kutsa cikin kwamfutar maki, mai lakwal na son kai shi wurin ƴan sanda

Mahamadu, Tawa: Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan wata magana da ta hana ni barci kwana uku ke nan. Ni ne nake kula da kwamfutocin wata lakwal mai zaman kanta a nan Tawa, kodayake lissafi aka ɗauke ni koyarwa, wannan aikin ɗora mini shi aka yi don an ga ina iya gyara na'urar buga takardu. Kwamfutocin goma sha ɗaya ne, na hannu, wani ɗan kasuwa ya kawo su daga Kwatano a 2017, kuma duka Windows 7 ne a kansu. Goma suna ɗakin ɗalibai, ɗaya tana ofishin sakatariya, ita ce ke ɗauke da maki da lissafin kuɗin lakwal da lambobin wayar iyaye. Ni da kaina na ja wayar da ta haɗa su, ni nake kwance su in hure ƙura duk lokacin hunturu, har batirin da ke riƙe ta ofis idan wuta ta ɗauke da kuɗina na saye shi, ba a kuma biya ni ba har yau.

Ranar Litinin bayan la'asar wani yaro ɗan ajin ƙarshe, mai shekara 17, ya same ni da kile, wato ɗan abin ajiye bayanai da ake soka wa kwamfuta, a hannunsa, ya nuna mini makin ajinsu gaba ɗaya. Ya ce daga kwamfuta ta huɗu ta ɗakin ɗalibai ya shiga, kuma ya zo ne don in san ƙofar a buɗe take. Na ce ya yi shiru, ashe ya riga ya nuna wa abokansa biyu, magana ta kai kunnen mai lakwal. Yanzu ya rantse zai kore shi kuma zai kai ƙara ranar Litinin mai zuwa, ya ce in rubuta rahoton da zai tafi da shi. Yaron bana zai rubuta jarrabawar bak, maraya ne, mahaifiyarsa ƙosai take toyawa a bakin tasha. Me doka ta ce, kuma me zan rubuta?

Injiniya Abdul-Azizu, Yamai: Wa alaikumus salam, Malam Mahamadu. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ita ce ke hukunta laifukan intanet a Nijar, kuma shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne da aka tanadar wa ɗauri da tara, ko da ba a ɓata komai ba. Tunda bai cika 18 ba, gaban alƙalin yara maganarsa za ta je. Amma ni ina gaya maka gaskiya, babban mai laifi shi ne Windows 7. Kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakarsa tun 14 ga Janairu 2020. Ka tuna muguwar manhajar WannaCry a watan Mayu 2017, wadda ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har da asibitocin Ingila, mafi yawansu don ba a sabunta su ba ne. Ba za ka tsira da Windows 10 ba, shi ma an rufe masa tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba zai hau waɗannan tsofaffin injunan ba. Ka goge su duka ka sa Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux ne, manhajar da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne, tushensa a buɗe yake kowa na iya bincikawa, har jandarmomin Faransa sun mai da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu. Wannan ita ce kaɗai mafita.

Hajiya Zainabu, Yamai: Ku yi mini haƙuri, ni ban yarda da wannan lallashin ba. Bara wani ya kira ni yana cewa daga kamfanin aika kuɗi yake, ya san sunana, ya san unguwata, ya karɓi lambar sirri a bakina, cikin minti biyar jika ɗari da tamanin na adashen mata tara suka tafi. Wata shida ina biya daga cinikin atamfa, har yau wasu a cikinsu suna ganin ni na ci. Wanda ya yi mini haka ai da irin wannan wasan ya fara, aka ce yaro ne mai basira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lambobin iyaye suna cikin wannan kile ɗin, wa ya san inda suka kai yanzu?

Malam Isufu, Tawa: Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya, amma wanda ya cuce ki ɓoyewa ya yi, wannan kuwa da ƙafarsa ya kawo kansa. Malam Mahamadu, akwai abu biyu da ba ka faɗa ba: an canja maki ko ba a canja ba, kuma ta yaya ya samu kalmar sirrin? Idan ba a taɓa maki ba, wannan aikin kwamitin ladabtarwa ne, a kira uwar, a dakatar da shi ƴan kwanaki, magana ta ƙare a cikin gida. Kuma ka yi hattara da rahoton nan. Na koyar shekara goma sha huɗu a irin waɗannan lakwal, na ga yadda ake sa malami ya rubuta takarda da hannunsa, daga baya a yi amfani da ita a sallame shi ba ko sisin sallama. Haka aka yi mini a kan takardun jarrabawa da ruwan sama ya jiƙa a ɗakin da na yi shekara biyu ina roƙon a gyara rufinsa.

Mahamadu, Tawa: Na gode muku duka. Malam Isufu, ban ga alamar an canja maki ba, sai dai ba ni da wani tsohon kwafi da zan gwada da shi. Kalmar sirrin kuwa sunan lakwal ce da shekarar da aka kawo kwamfutocin, kuma da dalili na bar ta haka: sakatariyar dattijuwa ce, sau biyu na canja tana mantawa, ana kirana daga cikin aji. Injiniya, maganar Linux ba za ta yiwu ba yanzu. Takardun sakamakonmu a Excel aka gina su da wasu dabarun lissafi da wani ya saka tun kafin in karɓi aikin, idan suka lalace a tsakiyar zango ni za a kama. Shekara takwas muna haka ba abin da ya faru.

Injiniya Abdul-Azizu, Yamai: Ba abin da ka sani ya faru dai, Malam. LibreOffice, manhajar ofis da ke aiki a kan Linux, na buɗe takardun Excel, abin da ya ƙi aiki a sake gina shi cikin hutu. Game da hukunci, ku dubi Robert Morris, ɗalibin jami'a a Amurka da ya saki tsutsa, wato manhaja mai yaɗa kanta, da ta tsai da dubban kwamfutoci a 1988. Ba a ɗaure shi ba, an sa masa ido shekara uku, da aikin al'umma na awa 400, da tarar dala dubu goma da ƴan kai, daga baya ya zama farfesa a jami'ar MIT. Ku dubi kuma Aaron Swartz, wanda ya sauke maƙaloli masu yawa daga rumbun JSTOR, aka tuhume shi da laifukan da za su iya kai shi shekara 35 a kurkuku, ya kashe kansa a Janairu 2013 yana da shekara 26. Hukunci gwargwadon ɓarna ake yinsa. Hukuncin yaron nan shi ne ya zauna tare da kai ya girka Linux a injunan goma sha ɗaya.

Nasiru, Tawa: Yaya Abdul-Azizu, da girmamawa, Linux ba zai hana abin da ya faru ba. Yaron bai fasa Windows ba, kalmar sirri ya canka, kuma sunan lakwal da shekara ko a Ubuntu aka sa su zai canka. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ma tana da nata raunin: ɓarakar Heartbleed ta yi kusan shekara biyu a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bayanai a intanet, kafin a gano ta a 2014, kuma a Maris 2024 an kama ƙofar ɓoye da wani ya dasa da gangan a cikin xz, manhajar matse fayiloli da Linux ke amfani da ita. Malam Mahamadu, abin da ke gabanka kafin Litinin shi ne ka cire wayar da ta haɗa kwamfutar ofis da ɗakin ɗalibai yau ɗin nan, ka canja kalmar, ka karɓi kilen, sannan ka tattaro littattafan makin malamai ka gwada su da abin da ke cikin kwamfuta, suna bayan suna. Idan sun yi daidai, kana da hujjar da za ta ceci yaron. Ka kuma sanar da mai lakwal cewa dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan alhakin tsare su, don haka idan magana ta je gaban hukuma shi ma za a yi masa tambayoyi.

Injiniya Abdul-Azizu, Yamai: Nasiru, ai ka ƙarfafa maganata. An kama ta xz ne saboda tushen a buɗe yake, wani injiniya ya lura da ɗan jinkiri ya bi diddigi. Da a rufe yake, wa zai gani?

Hajiya Zainabu, Yamai: Kuna ta gardamar injuna, ba wanda ya ce a sanar da iyayen da lambobinsu suka fita.

Mahamadu, Tawa: Wayar ba zan iya cire ta ba, don ta nan ne malamai ke aika takardu zuwa na'urar bugawa, kuma gwada makin ɗalibai sama da ɗari huɗu ba aikin kwana biyu ba ne ga mai aji shida. Kalmar dai na canja. Ɗazu bayan magariba mahaifiyar yaron ta zo gidana da ƙanen mijinta, ta zauna a bakin tabarma ta kasa magana, shi ne ya ce sun ba ni amanarsa. Takardar rahoton tana gabana, kwanan wata kawai na rubuta. Idan na faɗi yadda kalmar sirrin take, aikina ne zai tafi, ina da ƴaƴa biyar. Idan ban faɗa ba, za a ɗauka yaron fasa na'urar ya yi da wata ƙwarewa. Akwai wanda ya san ko doka ta tilasta mini in sa hannu a wannan rahoton?