Musayar Waƙa: Lambun Magani a Ƙasar Ƙanƙara

Baƙon Winifeg: Assalamu alaikum. Hunturu ya ƙarato nan Manitoba ta ƙasar Kanada, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu, shi ya sa na kawo muku labarin lambuna cikin baitoci.

Na binne tafarnuwa Oktoba,
Na lulluɓe ta da tattaka ta kwana,
Sai ta sha sanyi take rabuwa sala-sala,
A Yuli nake haƙo ta a gona.
Na'a-na'a takan bushe ƙurmus,
Amma saiwar tana jiran rana.
Zogale kuwa ɗan gata ne,
A tukunya yake cikin ɗakina.

'Yar Jos: Wa alaikumus salam. Yaya, sannu da fama, amma ba zan bar maganar zogalen nan ta wuce ba.

Wane zogale ne cikin tukunya?
Ganyensa duka ba zai rufe tafin hannuna.
Zo Jos ka ga wardi a fili,
Da rozmeri har bakin gidana.
Sanyinmu yana gyara fure,
Naku kuwa sai yawan ɓarna.

Na-Gembu: Madalla da Hajiya, wannan amsa ta fi ta farko armashi nesa ba kusa ba. Sai dai tsaunin Jos bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, Mambila kuwa ta kai 1,600, don haka a ba mu girmanmu.

Ku biyun ku saurara wa Mambila,
Mai hazo tun da sassafe da gara,
In ana zancen ganye mai amfani,
Ku tambayi shayin da ke Kakara.

Malam Mai Aruli: Ina da gyara guda biyu. Ɗango na biyu na Hajiya gaɓa 14 gare shi, alhali wanda ya gabace shi 11 ne, kuma duk mai rera shi zai ji harshensa ya yi tuntuɓe. Shi kuma Na-Gembu ya tarar ana tafiya kan amsa-amon "na", ya sauya shi zuwa "ra" ba tare da izinin kowa ba, sannan ya cusa "gara" don kawai ta cike masa gurbi.

'Yar Jos: Malam, Allah ya gafarta, kai ka fi kowa sanin cewa ba da ƙidayar gaɓa ake auna karin rubutacciyar waƙar Hausa ba, da nauyinta ake aunawa, doguwa da gajeruwa. Ina lura kuma ba ka ce komai ba kan ɗango na uku na Yaya, wanda bai fi nawa gajarta ba.

Malam Mai Aruli: Ko da ma'aunin nauyin ne, ɗangon bai zauna kan karin Mutadarak ba, bai zauna kan karin Kamil ba. Na Baƙo ma ya yi tsawo, amma shi yana ɗauke da ilimi, domin gaskiya ne tafarnuwar ƙasar sanyi ba ta rabuwa sosai sai ta yi makonni cikin sanyi.

Na-Gembu: Wannan son kai ne a fili, Malam.

Baƙon Winifeg: Ku yi haƙuri da jinkirina, aiki ne ya riƙe ni. Ƙanwata, ba zogale ne ke ba ni tausayi ba, yakuwa ce. Ba ta fure sai yini ya gajarta, mu kuwa yininmu na Yuni ya haura awa 16, kafin ya ragu yadda take so jaura ta riga ta sauko a ƙarshen Satumba.

Yakuwa ta yi ganye ta yi tsawo,
Ba ta ba ni zoɓon da nake so na.
Ɗoɗɗoya dare ɗaya ta baƙanta,
Hulba ce ke saurin cika gona.
Babunaj shi yake zubar da irinsa,
Ya fito baɗi ba da wahalata ba, ƙanwana.
Ke da ba ki taɓa ganin ƙanƙara ba,
Kada ki koya mini sanyi a garina.

Malam Mai Aruli: "Ƙanwata" ake cewa, ba "ƙanwana" ba. Amsa-amo ba ya halatta karya nahawu, kuma "so na" ma ciko ne.

'Yar Jos: Allah ya saka, Malam, yau ka yi adalci.

Kai da zoɓo ya gagara shukawa,
Sai a aika maka shi daga lambuna.
In da gaske ƙasarku na da magani,
Faɗi ɗan asalinta guda mai suna.

Baƙon Winifeg: Akwai ekinasiya, fure mai launin shunayya da ke fitowa da kansa a filayen kudancin Manitoba, wanda mutanen asalin yankin suka daɗe suna tauna saiwarsa saboda ciwon haƙori da na maƙogwaro. Idan kika samu irinsa, ki gauraya shi da yashi mai danshi ki ajiye cikin firji kamar wata guda kafin ki shuka, domin sanyin Jos bai isa ya tashe shi ba.