Zuciya Ce ko Doka? Musayar Waƙa kan Wariyar Launin Fata

Baban Zazzau:
Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Kwanan nan ina yawan jin matasa na cewa wariyar launin fata tsari ce, ba halin mutum ba. Ni dai ban gamsu ba. Ga nawa baitocin, mai ja ya shigo da nasa.

Da sunan Allah zan fara waƙa,
Wanda ya yi baƙi, ya yi fari, Shi ɗaya.

Daga Adamu duk muka fito, ku duba,
Shi ko daga ƙasa, babu mai jayayya.

Wariyar launi ciwo ne na ƙirji,
Girman kai ne ya yi sheƙa a zuciya.

Iblis ne ya fara cewa "na fi shi",
Don shi na wuta ne, ya bijire ya ba da baya.

Da Abu Zarri ya goranta wa wani uwa tasa,
Manzo (SAW) ya ce masa: da sauranka a jahiliyya.

Bai ce masa tsari ne ya ja ka ba,
Kai ka faɗa, kai za ka gyara, ka ji kunya.

A wanke zuciya, doka za ta biyo ta,
Guga ba ya kawo abin da babu a rijiya.

'Yar Katsina:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Hadisi ba abin ja ba ne. Amma ka ba ni dama in kai ka ƙasar Afirka ta Kudu, inda aka rubuta abin a takarda.

Baba, na ji ka, kuma na girmama ka,
Amma ka biyo ni kudancin Afirka.

A 1913 majalisa ta zauna,
Turawa zalla, suka tsara doka.

Baƙar fata su ne mafi yawa a ƙasar,
Kashi 7 cikin 100 aka bar musu don shuka.

A 1936 aka ce an ƙara musu,
Ya kai 13, saura na Turawa duka.

Manomi mai shanu, mai garma, mai rumbu,
Ya kwana da gona, ya tashi talaka.

Ya koma lebura a gonar Bature,
Ko ramin zinariya inda ƙura ke halaka.

Sai ga takardar izinin zama a birni,
In babu ita a aljihu, ɗan sanda ya ɗauke ka.

Ka dubi akawun da ke buga mata hatimi,
A ce mutumin kirki ne, kullum yana gaishe ka,

Bai taɓa zagin kowa ba, hannunsa a sake,
Awa 72 in ta cika ba ka da izini, shi zai kore ka.

To Baba, wace zuciya za a wanke a nan?
Tasa fes take, amma hatimin ya sauka.

Baban Zazzau:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin yi karatu. Saura ki amsa mini wannan.

'Yata, dokar nan wa ya rubuta?
Ba daga sama ta faɗo ba, hannu ne ya zana ta.

Minista Verwoerd da ya tsara ilimin baƙaƙe a 1953,
Cewa ya yi ina amfanin lissafi ga ɗan baƙar fata.

Wannan ba tsari ke magana ba, mutum ne,
Mai suna da uba, ƙirjinsa cike da ƙeta.

A Sharpeville, 1960, mutum 69 suka faɗi,
Da yawa ta baya 'yan sanda suka harbe su, maza da mata.

Yatsa ne ya ja kunamar bindigar nan,
Doka ba ta da yatsa, kar ki manta.

Akawunki ma yana da zaɓi a hannunsa,
Ya ajiye hatimin, ya kama ƙofa ya fita.

In kin ce tsari ne, kin wanke mai laifi,
Ranar hisabi kowa takardarsa zai karanta.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Allah gafarta Malam. Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni ne ƙaraminku a nan, amma bari in sa baki da ƙwar biyar, tunda maganar akawu ta taso.

Gafarta Malam, a ce akawu ya fita,
Kafin azahar kujerar wani ya haye ta,
Shi ma da iyali, shi ma da buƙata,
Ya karɓi takardar, hatimi ya buga mata,
Layi na nan a ƙofa, rana na dukan kowa.

Akwai wata unguwa, Sophiatown sunanta,
Baƙaƙe na da gidaje na kansu a cikinta,
A 1955 'yan sanda suka kewaye ta,
Motoci suka kwashe mutane, katafila ta bi ta,
Aka gina wa Turawa gidaje bayan rushewa.

A Cape Town, District Six ta sha irinta,
A 1966 aka ce ta Turawa ce, kowa ya bar ta,
Fiye da mutum 60,000 aka fitar daga cikinta,
Masallatai da coci-coci aka bari a tsakiyarta,
Jama'arta aka kai Cape Flats bayan gari, kaɗan ne masu dawowa.

Mandela ya fito, shekara 27 ya share ta,
A 1994 kowa ya sami ƙuri'a ya jefa ta,
Dokar wariya an soke ta, an binne ta,
Amma gonar da aka ƙwace, wa ya mayar da ita?
Mai ita ya rasu, jikansa haya yake kamawa.

Ƙididdigar filaye ta 2017, gwamnati ta fitar da ita,
Gonakin ɗaiɗaikun mutane ta bi ta lissafta,
Kashi 72 cikin 100 na hannun farar fata,
Su da ba su kai kashi 10 na jama'a ba in an kwatanta,
Ba wanda ya zagi wani, gado ne ke ta wucewa.

Baban Zazzau:
Ɗana, Allah ya ƙara basira, maganar gado ta shige ni. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yau sai na faɗe shi.

Mu nan Najeriya mun tsaya musu da gaske,
Ma'aikata sun ba da daga albashinsu, wannan na tuna.

Ɗalibansu sun yi karatu a makarantunmu,
Muka ɗauke su 'yan'uwa, muka riƙe amana.

Sai ga Mayun 2008 a Alexandra, unguwa a Johannesburg,
Baƙi ya tasar wa baƙi ɗan'uwansa da ɓarna.

Mutum 62 aka kashe kafin ƙura ta lafa,
Har da 'yan Mozambik, wani da ransa aka ƙona.

A 2019 shagunan mutanenmu suka sha wawaso,
Har jirgi ya kwaso waɗanda tsoro ya hana su kwana.

Wace doka ce ta sa su, 'ya'yana?
Ba Bature a wurin, fata ɗaya suke da juna.

In ba zuciya ba, to ku gaya mini mene ne,
Ni nan na tsaya, ina jiran magana.

'Yar Katsina:
Baba, wannan ta yi mini ciwo kamar yadda ta yi maka.

Wanda ya ƙona mutum ya yi kisa,
Ba tsarin da zai ɗauke zunubin daga kansa.

Ban kare shi ba, Allah ya isar wa mamatan,
Ƙiyayya ce wannan, na yarda, ba wasa.

Amma ka tsaya a Alexandra ka ɗaga ido,
Ga Sandton can tsallaken titi, tana kusa.

Can benayen gilashi da kasuwar hannun jari,
Nan ɗakunan langa-langa, kogi in ya cika ya rusa.

Da asuba mata ke tsallakawa su share benayen,
Su dawo da dare da albashin da ba ya isa.

Mai adda ya ƙona shago ɗaya ko goma,
Ana iya kama shi, kotu ta yanke masa.

Amma wanda ya raba ƙasa da alƙalami,
Kotun tasa ce, ɗan sanda nasa, makaranta tasa.

Shi ba sai ya tsane ka kullum ba,
Ko yana barci, aikin na tafiya a madadinsa.

Fushin da ya kamata ya hau sama ya yi tambaya,
Shi ne ya juyo kan baƙon da ke ƙasa.

Malama Uwani:
Sallama gare ku duka. Tun ɗazu ina bin ku shiru, yara kun burge ni. Yaya Malam, 'yan ƙasar da kansu sun gwada hanyarka, bari in faɗi yadda ta kaya.

Yaya Malam, hanyarka an bi ta a ƙasar,
Hukumar Gaskiya da Sulhu, a 1996 zamanta ya fara.

Desmond Tutu ne shugaba, ya sha kuka a zauren,
Iyaye mata suka ba da labari, ƙasa ta saurara.

Wanda ya kashe, wanda ya azabtar, ya zo ya faɗi,
In siyasa ce dalili kuma bai ɓoye ba, afuwa na jira.

Fiye da 7,000 suka nemi afuwar nan,
849 suka samu, aka hana akasarin saura.

Wannan aiki ne babba, ban raina shi ba,
Uwa ta san kabarin ɗanta, ta kai masa ziyara.

Amma mutum miliyan 3 da rabi da aka tasa daga gidajensu,
Ba a ba hukumar hurumin jin su ba in sun kai ƙara.

Don bisa doka aka tashe su, da takarda da hatimi,
Ba mutum guda da za a nuna a ce shi ya kora.

Shawarar harajin dukiya da hukumar ta kawo,
Gwamnatin Shugaba Mbeki ta ajiye ta gefe, ta sha ƙura.

Rand 30,000 aka ba wanda hukumar ta tantance,
Sau ɗaya tak, babu batun a ƙara.

An ce kashi 30 na gonaki za su koma hannun baƙaƙe cikin shekara 5,
Shekara 30 ta wuce, masu jira na ta jira.

To Yaya, ka ci gaba da wa'azin zuciya, muna so,
Amma wa zai je ofishin filaye ya gyara?

Baban Zazzau:
Malama, sannu da zuwa, da kin shigo tun farko ai da mun huta. Bari in amsa miki daga inda na fi sani.

Malama, a fiƙihu tuba ba ta cika da fatar baki,
Sai an mayar da haƙƙi hannun mai shi.

Abin da aka ƙwace, ko ya shiga gado,
Magaji in ya sani, haramun ne ya ci shi.

Don haka wa'azina bai tsaya a masallaci ba,
Ofishin filayen nan ma, wa'azin zai iske shi.

Amma ga wanda ya sayi gonar bayan 1994,
Da kuɗin banki, har yau yana biyan bashi.

Ga kuma jikan mai gonar asali a Soweto, unguwar baƙaƙe,
Kabarin kakansa na cikin shingen, yana kwana da haushi.

Wa zai biya wa? Gwamnati, ko banki, ko mai saye?
Ɗan Damagaram, kai ka kawo lissafi, warware mana shi.